Ƙarfen da Ba a Auna Ba

"Halidu! Halidu!!"

Bai motsa ba.

Kwanon tuwon da na ɗauko ya suɓuce daga hannuna, miya ta watse a bakin ƙofa. Yana kwance rub da ciki a tsakiyar ɗakin da bai gama ginawa ba, guduma a hannunsa, rabin fuskarsa cikin yashi. Kusa da kansa ƴata Tata ce zaune, mai shekara huɗu, tana jera guntayen ƙarfe kamar masu sallah.

"Mama, yi a hankali," in ji ta da raɗa. "Baba Halidu ya daɗe bai yi magana ba."

Innalillahi...

Na taɓa ganin namiji kwance haka. Marigayi mijina Siddiƙ, baban Tata, shekara uku da suka wuce, bayan tari ya gama cinye masa ƙirji. Na durƙusa na girgiza kafaɗar Halidu da duk ƙarfina.

Ya buɗe idanu jajur, ya dube ni kamar daga cikin rijiya.

"Zahra... an yi azahar?"

"Barci kake?! Barci, Halidu? Na zaci..."

Kuka ya hana ni ƙarasawa.

"Haba sheri, masoyiyata, kaina kawai na ɗan ajiye."

"Da guduma a hannu?"

Ya kalli hannunsa. Shi ma bai san tana nan ba.

Ban taɓa son unguwar nan ba. Tun da aka rufe ramin haƙar uranium na Akokan mutane suka kwashe, wasu Maraɗi, wasu Damagaram. Layin da Halidu ya samu fili, gida bakwai ne babu kowa. An ciccire ƙofofi da tagogi, sai ramuka baƙaƙe suna kallon mai wucewa. Tsakar ranar Lahadi ko kukan akuya ba ka ji. Sai wani tol, fallen kwano, da ya saki a rufin maƙwabta, yana bugawa shi kaɗai, kwas... kwas... ko da babu iska sosai.

Litinin zuwa Juma'a Halidu yana ƙarƙashin kamiyo, manyan motocin kaya, a garejin da yake aiki a Arlit. Asabar da Lahadi yana nan, daga asuba har magariba. Wata huɗu ke nan bai huta ko yini ɗaya ba. Dalili kuwa mahaifiyarsa ce, Inna Hawa. Ta ce ba za a kawo mata bazawara da ƴa cikin gida ba. In ni yake so, ya gina nasa kafin Babbar Sallah. In bai gama ba, ga Zakiyya ƴar ƙanwarta tana jira.

"Ka saurare ni," na ce, ina share masa yashi a kumatu. "Asabar ka yi aiki, ni ma zan zo in ɗebo maka ruwa. Lahadi ka kwanta. Yini ɗaya kacal, rabin raina."

"Bayan biki na huta."

"In ka kai bikin ba."

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Idona ya riga ya sauka kan abin da ke hannun Tata. Guntun bututu ne mai kauri, da lambobi a jikinsa. Na ɗaga kai, na ga irinsa biyu dogaye a rufi.

"Ina ka samo waɗannan?"

"Wurin Gaji, yayan Zakiyya."

"Baba Alkassoum ya auna su?"

Duk wanda ya girma a garin nan ya san ba kowane tsohon ƙarfe ake sakawa a gida ba. Wanda ya fito daga wurin haƙar uranium yana iya ɗauke da abin da ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Shi ya sa Baba Alkassoum, tsohon ma'aikacin rami, yake zama bakin kasuwa kowace Asabar da safe da na'urarsa, ana kawo masa tukwane da ƙofofi yana aunawa.

Halidu ya kau da kai.

"Ranar Asabar fa yake zama, Zahra. In ɗora ƙarafa a amalanke in je in yi layi har azahar? Rabin yinina ya tafi. Kuma Zakiyya ta ce an riga an auna."

"Zakiyya ta ce."

Na fizge ƙarfen daga hannun Tata na jefar. Ta fasa kuka. Na jawo bidon, jarkar ruwa, na wanke mata hannu da sabulu sau uku, har cikin farce.

"Me ye haka?" Muryarsa ta canza.

"Ni da ƴata ba za mu sake taka gidan nan ba sai an auna."

"Wata huɗu ina zubar da jinina a nan saboda ke!"

"Na sani."

"Ko dai gaskiya ne abin da ake faɗa, kin samu wani, hanya kike nema?"

Kamar ya watsa mini ruwan zafi. Na goya Tata duk girmanta na fita. Har muka bar layin tol ɗin nan yana bugawa a bayanmu.

Kwana uku bai kira ni ba.

Ran Laraba Inna ta aiko a kira ni. Na same ta a kan tabarma, Zakiyya a gefenta tana yanka albasa, tana murmushin da ba na gaisuwa ba.

"Ina wuni, Inna."

"Lafiya. Fatimatuzzahra, tambaya ɗaya zan yi miki. Kin ga yadda ɗana ya koma? Wuya kamar na zabuwa. Jiya cokali ya faɗo daga hannunsa yana cin abinci."

"Gajiya ce, Inna. Ba ya hutawa."

"Gajiya," Zakiyya ta maimaita. "Shi ma mijinta na farko da gajiya ya fara, ko?"

"Zakiyya!"

"Inna, ai ba ni na faɗa ba, gari ne ke faɗa. Farar ƙafa ba a ɓoye take ba. An ce ma tsakar rana ana jin tafiya a gidan da Halidu ke ginawa, alhali ba kowa. Wa ya sani ko marigayin ne ke biyo kayansa?"

Ni ma na taɓa jin kamar ana tsaye a bayana a ɗakin can. Amma na haɗiye.

"Inna, in akwai wani abu a gidan, ina so a gan shi a gabanki. Ki zo ranar Asabar bayan azahar. In ba a samu komai ba, wallahi ni da kaina zan ce Halidu ya bar ni."

Wuƙar Zakiyya ta tsaya a kan albasa.

Ran Juma'a na je har gida na roƙi Baba Alkassoum. Ya saurare ni ta bayan rawaninsa, ya ce in ya sallami mutanen kasuwa zai zo.

Ya cika alkawari.

Rana ta take, ƙasa tana ƙuna ta cikin takalmi. Na bar Tata wurin maƙwabciyata. Halidu yana kan rufi lokacin da muka iso, ni da Baba Alkassoum, Inna da Zakiyya a bayanmu. Ya sauko bai kalle ni ba. Idanunsa sun faɗa, leɓensa ya bushe. Zuciyata ta ce in rungume shi, na riƙe gefen mayafina.

"Sannu da aiki, yaro," in ji Baba Alkassoum. Ya zaro na'urar daga jaka, ƴar akwati rawaya kamar rediyo. Ya kunna.

Ƙas...

Shiru.

Ƙas... ƙas...

"Wannan ba komai," in ji shi. "Ko'ina a garin nan haka yake yi."

Ya kara ta a ƙofar waje. Ƙas... ƙas. Ya kara a taga. Haka. Ya bi tol ɗin da ke jingine a bango ɗaya bayan ɗaya. Haka.

"Kin gani?" Halidu ya ce, karon farko da ya yi mini magana. "Hankalinki ya kwanta?"

Zakiyya ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

Baba Alkassoum ya ɗaga na'urar sama wajen bututun rufi. Sautin ya ƙaru, ƙas-ƙas-ƙas-ƙas. Ya juya ya nuna ƙaramin ɗakin da ke kulle da kwaɗo.

"Nan fa?"

"Babu komai a nan, Baba," in ji Halidu.

"Buɗe."

Halidu ya daɗe yana laluben aljihu. Da ƙofar ta buɗe sai na dafe ƙirji.

Ɗan ƙaramin gado ne na ƙarfe. An shafe shi da shuɗin fenti, an lanƙwasa kansa kamar fure. A jikin allon an rubuta TATA da walda.

"So nake sai ranar tarewa ki gani," ya ce a hankali. "Lahadi uku na yi a kansa."

Baba Alkassoum ya taka ciki. Tun bai kai ba na'urar ta fara sauri. Da ya ɗora ta a kan ƙafar gadon sai ta kece.

Ƙarrrrrrrrr!

Kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai. Ba ta tsaya ba. Ɗakin fes, rana tana shigowa ta taga, gadon yana sheƙi, babu wari babu hayaƙi, abin nan kuwa yana ihu shi kaɗai.

Inna ta ja da baya tana salati.

"Kowa waje," in ji Baba Alkassoum. Da muka fito ya kashe na'urar. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar ban tsoro. Ya dubi Halidu, ya yi tambaya da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji. "Yarinya ya taɓa kwana a kai?"

"A'a... sau ɗaya. Ta yi barcin rana, bai fi awa guda ba."

Na dafa bango.

"Awa guda da sauƙi, in sha Allahu. Ku kai shi asibiti wurin lokotoro ya duba, don hankali ya kwanta. Amma da ya kwana a kai shekara ɗaya, shekara biyu..." Ya girgiza kai. "Kuma ƙarfen nan na san shi. Ku duba ƙafar gado, ƙarƙashin fenti akwai wurin da aka kankare. Ni na sa masa jan fenti da hannuna a shagon Gaji. Na ce kada a sayar wa kowa."

Inna ta juya a hankali.

"Zakiyya. Kin ce wa ɗana an auna."

"Ai... ai an auna ɗin, Inna."

"Aka ce me?"

"Ni ban yarda da abin nan ba ne! Ƙarfe ai ƙarfe ne! So nake kawai ya riƙa zuwa shagon duk Asabar, in gan shi, in ba shi shayi... Ni ban san gado zai yi ba, wallahi ban sani ba!"

"Ɓace mini da gani."

Ta tafi da gudu, takalminta ɗaya ya fita, ba ta tsaya ɗauka ba.

Halidu ya zame ya zauna a ƙasa. Yana kallon tafin hannuwansa kamar ba nasa ba.

"Da hannuna," ya ce. "Da hannuna na yi mata. Safiya ɗaya, Zahra. Safiyar Asabar ɗaya na ƙi bayarwa."

Sai ya fashe da kuka, irin kukan da ban taɓa jin namiji ya yi ba.

Fushin da na yi kwana shida ina riƙo ya narke. Na durƙusa a gabansa, ban damu da idon Inna ba.

"Dube ni, masoyi."

"Ba zan iya ba."

"Kai ba mugu ba ne. Gajiya ce ta rufe maka ido. Wanda bai yi barci ba wata huɗu, ko me aka faɗa masa yarda zai yi."

"Na ce kin samu wani..."

"Ka faɗa. Ya yi mini ciwo. Na yafe."

Baba Alkassoum ya ce kada kowa ya taɓa gadon ko bututun, zai kira masu zuwa su kwashe. Rufin sai an sauke shi gaba ɗaya. Sallah kuwa saura sati uku.

"Shi ke nan," in ji Halidu. "Ba zan gama ba. Inna, na kasa."

Inna ta daɗe tsaye tana kallon ƙofar ƙaramin ɗakin. Sai ta zo ta tsaya a kaina.

"Ke kika ce a auna?"

"Ni ce, Inna."

"Ko da za ki rasa shi?"

"Ƴata ce, Inna. Ita kaɗai gare ni."

Ta goge ido da bakin mayafi.

"Ni ma shi kaɗai gare ni, na kuma kusa kashe shi da bakina. Ɗakin bayan gidana babu kowa sai buhunan gero. A kwashe su." Ta miƙo mini hannu. "Tashi, ƴata. Ƙasar nan da zafi."

Lokotoro ya duba Tata da Halidu ya ce bai ga abin tsoro ba, mu dawo bayan wata shida. An ɗaura aure kwana biyu bayan Sallah. Ginin yana nan, ana yi a hankali. Asabar daga safe zuwa la'asar, kuma ko ƙusa ba ta shiga sai ta bi ta hannun Baba Alkassoum.

Lahadin farko bayan biki, ina dama koko na ga Halidu yana zagaye tsakar gida, yana leƙa bayan randa, yana ɗaga tabarma.

"Inna, ba ki ga jakar kayan aikina ba?"

"Tana cikin akwatina," in ji Inna, ba ta ko ɗago ba. "Makullin yana wuyana. Sai Litinin."

Ya tsaya tsakiyar gida, hannuwa a sake, ya dube ni kamar yaron da aka kai makarantar lekol ranar farko.

"To Zahra... me mutane ke yi ranar Lahadi?"

Tata ta jawo masa kujera ƴar tsugunne, ta zo da matajin kaina.

"Zauna, Baba. Kitso zan yi maka."

"Ai ba ni da gashi, Tata."

"Zauna dai!"

Ya zauna.