Hoton Ranar Suna

Kunun kanwa ya huce a kwano har ya yi fata, Amatullahi ba ta ko kalle shi ba. Tana kishingiɗe a ɗakin mahaifiyarta a Malumfashi, inda ta zo wankan gida. Jaririyarta Ummukulsum tana ta tsala kuka, ita kuwa idonta na kan waya.

Mijinta Murtala ne ya saya mata wayar, tukwicin haihuwa, da ya sayar da masararsa a Funtua. Da ita ta ɗora hotonta na ranar suna a intanet, tana murna. Kafin la'asar wani shafin gulma ya kwashe hoton, ya jera shi da na ranar bikinta. Mutanen da ba su taɓa ganinta ba suka yi ta zuba. Wannan ya ce ta kumbura kamar buhun auduga, waccan ta ce ita mijin take tausaya wa.

Da kashe wayar ta yi da ta huta. To, wa zai gaya wa mai jegon fari? Tana karantawa tana kuka, ta share hawaye ta koma duba ko an ƙara. Ta daina kunu, ta daina nama, wai don ta rame.

Mahaifiyarta, Hajiya Kulu, ba ta san wani shafi ba. Ta yanke cewa dangin miji ne suka yi wa 'yarta baki ranar suna. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, shiru. Da arba'in ta cika, Murtala ya zo daga Kafur ɗaukar matarsa. Hajiya ta tare shi a zaure, ta ce ba inda 'yarta za ta, in ya gaji ya ba ta takardarta.

Bai bayar ba. Duk Juma'a sai ya zo a kan babur, a ce masa tana barci, ya gaishe da Hajiya ya koma. Wata uku yana haka. Ran nan Hajiya ta tafi ta'aziyya, Amatullahi ta fito da kanta. Da ƙyar ya gane ta, duk ta ƙare.

Ta miƙa masa wayar. "Karanta. Ko ka bari in faɗa maka, na haddace su." Ta ɗago ta dube shi. "Yaya Murtala, kai ma haka kake ganina, ko?"

"Wallahi ban san da wannan shafin ba sai yau," in ji shi, hawaye na zubo masa. "Ni ke na sani."

Ya jira Hajiya ta dawo, ya durƙusa ya nuna mata komai. Nan Hajiya ta gane ba baki aka yi wa 'yarta ba. Washegari suka kai Amatullahi asibiti a Funtua. Likita ya ce ciwon damuwa ne da kan kama mai jego, wayar kuma ita ke rura shi.

Haƙurin Murtala ya dawo masa da matarsa, amma bai dawo da komai ba. Wanda ya rubuta abin dariya a ƙarƙashin hoton wani, minti ɗaya ya ɓata. Wanda aka rubuta wa kan biya da watanni. Nonon Amatullahi ya riga ya ƙafe, tuntuni Hajiya ke rainon yarinyar da madara.

Ranar komawa Kafur ta miƙa hannu ta ɗauki Ummukulsum. Yarinyar ta dube ta, ta fashe da kuka, tana miƙa wa kakarta hannu.

"Hajiya," in ji Amatullahi a hankali, "ba ta san ni ba."