Hasken Gilashin Motar Na'Allah

Tun da aka binne Abubakar Sadiq, gidan Alhaji Na'Allah a Fatakwal ya yi tsit. Ɗan nasa ya rasu ne a hanyar Aba. Yana tuƙi, ya sunkuya zai duba allon gudun mota, tirela ta sha gabansa. Alhaji ya koma cinikin shanunsa a Trans-Amadi, yana ci yana sha kamar wanda aka sa dole. Abu ɗaya ya yi: ya sayi mota mai nuna gudu a jikin gilashin gaba, don kada wani nasa ya sake ɗauke ido daga hanya.

Nehemiah, mai gyaran wutar mota ɗan Kafanchan, shi ya yi masa bayaninta. Ya ce wata 'yar fitila ce a cikin dashbod take harba lambobi sama ta madubi, gilashin ya maido hasken idon direba, sai ya ga kamar lambobin suna shawagi can gaban bonet. Daga jiragen yaƙi aka ɗauko dabarar, in ji shi, yanzu har jiragen fasinja suna da ita.

Wata magariba, ruwa ya ɗauke ke nan, sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Sai wani. Aka leƙa bayan katanga, babu kowa. Alhaji ya fito tsakar gida ya tarar da motar a kashe, makulli na aljihunsa, amma gilashin yana ba da koren haske. Ilham, ƙanwar marigayin, tana zaune a kujerar direba, ta ƙura wa gilashin ido. Ko ƙiftawa ba ta yi.

Haka aka yi ta yi duk magariba. Ilham ta daina cin abinci, ta daina magana. Nehemiah ya zo ya cire wayar fitilar, ya cire batir ma, amma rana na faɗuwa hasken ya dawo. Ya tattara kayansa, ya ce wa Alhaji wannan ba aikin sifana ba ne, a nemo malami.

Daga Coal Camp ta Enugu aka ɗauko Malam Indabawa. Ya sa aka shimfiɗa tabarma kusa da motar, aka zaunar da yarinyar, ya fara karatu. Can sai ta ɗago kai, bakinta ya buɗe, muryar yayanta ta fito.

"Baba, ni ne."

Hannatu, mahaifiyarsu, ta sulale ƙasa. Malam ya ce mamaci ba ya dawowa, ya ci gaba da karatu har muryar ta canja ta yi kauri, ta koma ta aljani. Aljanin ya ce mazauninsa bakin hanyar Aba ne. Ya ga hatsarin, ya biyo gawar har gida, ya sami gidan shiru kamar kango, sai ya zauna.

"Ka bar mini yarinyar," ya ce wa Alhaji, "ni kuma duk magariba in nuna maka ɗanka."

A gilashin, daidai inda lambobi suke fitowa, wata fuska ta fara haɗuwa. Goshi, ido, ɗan tabon nan na gefen hanci. Malam ya dakata. Ya ce magana ta rage ga maigida, domin ba a korar baƙon da masu gida suke riƙe da shi.

Alhaji ya dubi fuskar da ke gilashin. Sannan ya juya ya dubi 'yarsa, ƙasusuwan wuyanta duk sun fito.

"Ka tafi," ya ce wa aljanin.

Aljanin ya nemi a ba shi motar, Malam ya hana. Ya nemi a yanka masa baƙin bunsuru, aka hana. Daga ƙarshe ya rantse ba zai dawo ba. Ilham ta yi atishawa, jikinta ya saki, hasken ya mutu. Da ta farfaɗo, ruwa ta fara nema.

Bayan an raka Malam, Hannatu ta matso kusa da mijinta. Ita ba ta iya ɗaga kai ta dubi fuskar da ta fito a gilashin ba.

"Alhaji, yana murmushi?"

"Yana yi," ya ce. "Shi ya sa na kawar da kai."