Za a Hau Sama

A Furfuri namiji ba ya hawa rufi sai ya ɗaga murya ya ce, "Za a hau sama!" don matan maƙwabta su ja mayafi. Kamilu ya yi karatun lantarki a Gusau har da takardar shaida, amma ba a koyar da wannan a aji. Haka ya haye rufin Malam Attahiru da farantin sola a kafaɗa, bai ce uffan ba.

A tsakar gidan da ke maƙwabtaka, Shafa'atu na ƙulla zoɓon sayarwa, kanta ba ɗankwali. Ta ɗaga ido, suka yi ido huɗu.

"Malam, a garinku ba a sanarwa ne?"

"Afuwan," in ji shi. Amma ya daɗe yana ba da haƙurin, fiye da yadda laifin ke buƙata.

Kafin mako ya zagayo ya samu lambarta, da sunan aiki. Shafa'atu ta riga ta san inda ribar zoɓonta ke tafiya: cikin janaretan da ke kunna firij.

Ya rubuto: "Hasken raina, kamfaninmu na yi wa maƙwabcin wanda ya saka sola ragi, kuma a biya kaɗan-kaɗan. Abin da janaretanku ke sha a wata ya isa."

Ta amsa: "Wannan saƙon soyayya ne ko talla?"

"Duka biyun. Amma soyayyar ba kaɗan-kaɗan ba ce."

Ta yi murmushi, ta karanta ya fi a ƙirga.

Da maganar aure ta isa ga mahaifinta, Alhaji Bala, sai ya murtuke. "Wanga yaro da ya ga ɗiyata kai buɗe kafin ya san ƙofar gidana? Ga Salisu nan, mutumin kirki."

Salisu shi ne mai sayar musu da fetur. Yana son Shafa'atu ƙwarai, sai dai son bai taɓa kaiwa ya rage kuɗin lita ba.

Shafa'atu ba ta yi musu ba. Kullum dai in janareta ya mutu, zoɓo ya yi tsami, sai ta kai wa Baba kofi ɗaya cikin ladabi. Ta katanga kuma fankar Malam Attahiru na juyawa shiru, mai gidan na ba da labarin rabonsa da sayen fetur ko ba a tambaye shi ba.

Wata rana Alhaji ya ajiye kofin. "A kira wanga yaro mai sola. Rufi na ba shi, ba ɗiya ba."

Ranar aikin, Shafa'atu na ɗaki, ta ji muryar Kamilu daga ƙofar gida: "Za a hau sama!" Ya sake, har awaki suka watse. Ya bi maƙwabta gida-gida ya faɗa. Sannan ya hau, ya juya wa tsakar gida baya, ya yi aikinsa duka a haka, rana na dukan fuskarsa.

Ta fito da mayafinta, ta yi tari. Bai waiwayo ba. Ta ji haushi kaɗan, ta ji daɗi da yawa.

Alhaji na gindin darbejiya yana kallo. Da firij ya kama ba tare da hayaniya ba, ya yi gyaran murya.

"Kai yaro, sauko. Ka turo magabatanka."

An ɗaura aure bayan girbi. Janaretan aka sayar aka cika kayan ɗaki, wanda shi ne alheri na farko da ya taɓa yi wa gidan. Salisu ma ya zo, ya ci shinkafa, ya yi addu'a gajera. Alhaji ya dafa kawunan ango da amarya ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai kunya."

Washegari da hantsi Kamilu ya tsaya a ƙofar ɗakin amaryarsa ya ce, "Za a shigo!"

Shafa'atu ta yi dariya, ta zame ɗankwalinta. "Sai yanzu ka koya, bayan ka gama gani? Shigo, angona."