Mace, Guda Ɗaya

Da magariba kowa ya watse daga ofis, sai Mai Allura. Haka abokan aiki suke kiranta, don aikinta ke nan, soke ƙwari da allura a allo tana rubuta musu suna. Ba ta gaggawar komawa gida. Tun rasuwar babanta babu mai jiranta.

Shi ya fara nuna mata wani ɗan ƙwaro mai launin toka, wanda tsutsarsa take naɗe ganye ta ɗinke da farin zare. Babu shi a kowane littafi, kuma ta ci burin sa masa sunan baban. Sai dai mata goma sha ɗaya ta kama, babu namiji, kuma sai da shi za a yarda da sunan, ga shi gobe za a rufe karɓar rahoton sababbin ƙwari.

Baba ya sha gaya mata, “'Yar nan, tsinki ko'ina, ban da bishiyar bakin tsohuwar rijiya. Na can suna da mai su.”

Allah Ya ji ƙan tsoho. Can ɗin ta nufa.

Ta samu namijin kwance a kan ganye. Ta kawo shi ɗakin aikinta, ta soke shi da ransa saboda sauri, ta sunkuya kan madubin ƙara girma tana ƙirga jijiyoyin fiffikensa. Ɗakin ya cika da warin ɗanyen ganye.

Sai ta ji ƙaras-ƙaras.

Takardun tebur suna naɗe kansu, farin zare yana ɗinke su. Labule ya bi sahu. Darduma ta ɗago baki ta kama ƙafafunta.

Wata murya ta yi raɗa a bayan kunnenta: “Kin ƙirga nawa. Saura in ƙirga ki.”

Yatsa mai sanyi ya bi haƙarƙarinta ɗaya bayan ɗaya. Sannan tsini ya sauka tsakanin kafaɗunta, daidai inda take soke ƙwari.

Zaren ya kai gwiwa.

Da ƙyar bakinta ya kama addu'a. Ta zare allurar daga jikin ƙwaron. Ƙwaron ya tashi ya bi taga, dardumar ta saki. Ta fice a guje, ko takalmi ba ta tsaya ɗauka ba.

Rahoto bai tafi ba, ƙwaron har yau ba shi da suna.

Washegari ta tarar da 'yar takarda, irin wadda take maƙala wa ƙwari, an soke ta a kujerarta. Da ƙanƙanin rubutu an sa kwanan wata, a ƙasa kuma: “Mace, guda ɗaya. Ba a samu danginta ba.”