Rantsuwar da Abba Bai Ƙarasa Ba

"Abba, kada ka rantse!"

Muryar Auta ta fita da ƙarfin da ita kanta ba ta san tana da shi ba. Mutanen taragon jirgin ƙasan duk suka juyo.

Abba ya tsaya da yatsa a sama, baki buɗe.

Tun tashin jirgi yake musu da wani dattijo mai farin gemu da ke zaune gabansu. Daga maganar gadar da gwamnati ta kasa ƙarasawa aka fara, aka gangaro kan jam'iyya. Abba ɗan adawa ne na gidi, dattijon kuwa ko a mafarki ba ya son a taɓa masu mulki.

"Irinku ne suka kashe ƙasar nan!" in ji Abba.

"Ku da kuka riƙe ta, me kuka tsinana?"

Umma sai taɓa gefen rigarsa take, tana cewa, "Malam, hawan jininka fa..."

Auta kuwa tun da dattijon ya cire tabarau ya goge, ta ƙura masa ido. Ta san fuskar nan. Ita ce a fuskar wayar Dogo, masoyinta, wanda ke jiran su a tasha domin yau ne ta shirya nuna shi ga iyayenta.

Mahaifinsa ne!

Nan take ta tura wa Dogo saƙo: "Rabin raina, ina Babanka?"

"Yana hanya, a jirgin safe. Lafiya, Zumata?"

Lafiyar ke nan. Tana ɗagowa ta ji Abba na cewa, "Ni in haɗa zuri'a da ɗan jam'iyyarku? Ga 'yata nan, walla..."

Nan ne ta yi ihun. Ta san halin mahaifinta sarai. Yana iya faɗa ya huce kafin shayi ya yi sanyi, amma in ya rantse, magana ta mutu.

"Ke, lafiyarki?" Abba ya tambaya.

"Kaina ke ciwo..." ta ce, hawaye na zuba.

Dattijon ya miƙo mata gorar ruwansa. "Sha, 'yata. Laifinmu ne, tsofaffin banza, mun cika miki kunne."

"Ka dai cika mata," Abba ya ce ƙasa-ƙasa.

Da suka iso, dattijon ne ya sauko wa Abba da jakarsa daga sama, suna ta harare-harare.

Dogo na tsaye bakin ƙofar fita, kayansa sun sha guga. Da ya hango su tare, murmushinsa ya ɗauke.

"Baba?"

"Kai kuma wa ya ce ka zo tarya ta?" in ji dattijon.

Dogo ya durƙusa, amma gaban Abba.

"Barka da hanya, Abba."

Dattijon ya dubi ɗansa, ya dubi Auta da ta rufe fuska da mayafi.

"Innalillahi! Ita ce yarinyar da kake damuna da zancenta?"

Umma ta dafe ƙirji. Abba ya nemi benci ya zauna, ya cire hula ya shiga fifita da ita.

"Auta, tun a jirgi kin sani?"

"Na sani, Abba. Ina son sa... Ka yafe min."

"Shi ya sa kika toshe min baki."

Abba ya dubi Dogo sama da ƙasa.

"Kai, wa ka zaɓa?"

Dogo ya ce, "Abba... ranar zaɓe ina kwance da zazzaɓi."

"Ka ji malalaci!" tsofaffin biyu suka faɗa tare.

Dariya ta kuɓuce wa Umma. Abba ya gimtse tasa da ƙyar, ya mayar da hula, ya miƙe.

"Ki gode wa Allah ban ƙarasa ba," ya ce da Auta. "Da na ƙarasa, ko kukan jini za ki yi..."

Ya juya ga dattijon.

"Ku zo gida ranar Asabar. A fara maganar yara, sannan mu koma kan gadar nan, don ban gama da kai ba."

"Ka tanadi maganin hawan jininka," in ji dattijon, yana miƙa masa hannu.

Auta ta saki kukan da take riƙewa tun cikin jirgi, Umma ta rungume ta.