Allon Misbahu

Ranar da Misbahu ya je gyaran sola a wata makarantar yamma a Yalwawa, hannunsa na kan aiki, kunnensa kuwa na ajin Malama Ikilima.

"Kar wanda ya ce min ba zai iya ba," take faɗa wa ɗalibanta. "Ku ce not yet, wato tukuna dai, ana kan hanya."

Da ta fito ta tambaye shi ko ya gama, sai ya ce, "Not yet, Malama." Ƙarya yake, tun ɗazu ya gama. Dariyar da ta yi ce ta tafi da zuciyarsa.

Da soyayya ta yi nisa, manyansa suka je Limawa wajen mahaifinta, Malam Nata'ala mai makarantar allo. Tambaya ɗaya Malam ya yi: "Yaron ya sauke Alƙur'ani?"

Manyan suka ce bai sauke ba. Tun Misbahu yana ƙarami a Aujara noma ya raba shi da allo, a Yasin ya tsaya.

Malam ya ce, "Gidan nan ba ma ba wanda bai sauke ba aure. In Sha'aban ya kama bai yi ba, ɗalibina Ɗayyabu zan ba."

Washegari sai ga Misbahu da gemunsa da sabon allo, ya tsuguna cikin yara a gaban Malam ɗin da kansa. Abokai suka yi ta tsiya, ko a jikinsa.

Kullum Ikilima sai ta turo saƙo: "Nurina, an kai?"

"Not yet, Gimbiya. Ina Maryam. Surar fa, kar ki tashi hankalinki."

Sha'aban ya kama, saura Baƙara. Ikilima ta yi kuka har ta gode Allah.

Malam ya kira shi gaban manya. "Misbahu, ka sauke?"

"Tukuna, Allah gafarta Malam." Ya ƙara da cewa, "Ina son ta ƙwarai. Amma ko an ba Ɗayyabu, gobe da safe zan zo da allona."

Malam ya dube shi ya ce, "Wa'adin ni na sa, ni kuma na ɗaga. Je ka ƙarasa."

Rana ɗaya aka yi walimar sauka da ɗaurin aure. Da aka kai amarya ta hango allon jingine a ɗaki.

"Ango, ba a ajiye shi ba?"

"Not yet, amarya. Baba ya ce saura hadda."

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.