Kada Ku Wanke Su

"Kwanta, tsoho! Kwanta na ce!"

Ƙarfe biyu na rana muka faɗa gidan tsoho Don Liborio a Agrigento ta Sisiliya, ƙasar Italiya, lokacin da gari ya ci taliya ya mimmiƙe. Ni Saro na tsara aikin. Ban taɓa zama a aji ba, amma duk Sisiliya ba a haifi mai kaina ba. Ƙanena Nunzio ya ɗora wa tsohon bindiga a kunne, ni kuwa na zazzage akwatuna cikin buhu. Sulallan azurfa ne na Girkawan da, baƙaƙe ƙirin kamar daga murhu aka tono su.

"Sulen nan mai hoton ƙaguwa da mikiya, a garin nan kakanninmu suka buga shi," in ji tsohon, hawaye na bin gemunsa. "Ku ɗauka, 'ya'yana. Amma don girman Allah kada ku wanke su!"

Nunzio ya ƙyalƙyale da dariya. "Yaya, ka ji ƙazami! Duk arzikin nan, ya kasa sayen sabulu."

Ashe mai dafa abincin gidan ta sulale ta ƙofar baya ta kira jandarma, 'yan sandan can. Muna hawa babur sai jiniya. Na murɗa wuta. Tau! Tau! Harbi daga baya. Nunzio ya zame daga bayana, shi da buhun, tim a kan titi!

Na taka birki.

"Yaya, cinyata! Ɗago ni!"

Motar jandarma ta matso kusa. Hannuna ɗaya na kan babur, ɗaya kacal ya rage. Na miƙa shi. Nunzio ya miƙo nasa.

Buhun na ɗauka.

Kwana tara na yi a wata bukka cikin gonar zaitun. Lemon tsami, toka, yashi. Na dirje su ɗai-ɗai har suka yi fari tas. Wa ke jin maganar tsoho mai kuka?

A Catania, dillali Calogero ya kara madubinsa a ido. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Uban wa ya yi wannan ɓarna?"

"Ni! Dubi ƙyalli!"

"Jaki! Baƙin nan shi ne shekarun, shi masu tara kayan tarihi ke saye. Ina ƙafafun ƙaguwar? Ka kankare su! Yanzu sai dai a narkar a yi cokali." Ya miƙe. "Zauna, ɗan'uwa, bari in kawo maka kofi."

Da jandarma huɗu kofin ya zo.

Nunzio ya cika a asibiti bai faɗi sunana ba. A kotu aka zube azurfar gaban Don Liborio. Ya duba sau ɗaya, ya rufe fuska. Shekara goma sha huɗu na sha a kurkuku. Tsohuwarmu ta bar duniya ba ta sake ce mini uffan ba.

Duk na binne su: alƙalin, dillalin, tsohon. Ni Saro ina nan daram, shekara tamanin da ɗaya, ko sanda ba na dogarawa!

Duk Lahadi nakan je kabarin Nunzio. Dutsen ya yi baƙi ƙirin. Ban taɓa wanke shi ba.